Idan masassara ta hau kai: abin da masana suka gano cikin jinin yara, da abin da ya rage wa Maraɗi

A ƙarshen watan Agusta ne, tsakiyar malka, wajen ƙarfe biyu na dare aka buga mini ƙofa a unguwar Sabon Gari ta Maraɗi. Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba, lungunmu duk ya zama taɓo. Maƙwabcina na gani tsaye, yana haskawa da fitilar wayarsa.

"Malam, don Allah taso. Yarinyar nan ta sandare."

'Yarsa ce mai shekara uku. Kwana biyu ke nan jikinta da zafi, an saya mata ƙwaya wajen mai tebur, zafin ya sauka ya sake hawa. Da na shiga na tarar da ita a cinyar kakarta, idanu sun kakkafe sama, haƙora sun datse, hannun dama yana fizga shi kaɗai. Ɗakin ya turnuƙe da hayaƙin turaren da aka zuba a kasko. Tsohuwar tana ta tofa mata addu'a, tana cewa iska ce ta buge ta da magariba.

"Inna, ki ci gaba da addu'a, amma ki ba mu ita mu tafi likita," in ji uban.

Da ƙyar muka tada wani mai adaidaita. A asibiti aka huda mata yatsa, aka ɗiga jinin a ɗan abin gwaji, kafin a jima layi biyu suka fito, alamar maleriya ce. Malamar jinya ta ja fatar idon yarinyar ƙasa, na ga cikin fari fat kamar takarda. Aka yi mata allura ta jijiya, aka sa ƙarin ruwa, da gari ya waye uban ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa. Sai rana ta uku ta buɗe ido ta gane uwarta. Yau tana zuwa lakwal, amma ta shafe watanni kafin bakinta ya koma yadda yake.

Abin da ya tsaya mini a rai tun daga wannan dare tambaya ce guda. A wannan watan kusan babu gidan da masassara ba ta shiga ba a lungunmu. Yawancin yaran sun sha magani, bayan kwana uku sun tashi suna tsalle cikin kududdufi. Sauron guda ne, lungun guda ne. Me ya sa ita ciwon ya hau mata kai?

Wani ɓangare na amsar yana wurin da ba kowa zai yi zato ba, wato cikin tsarin da jiki ke bi wajen daskarar da jini da kuma hana shi daskarewa.

Jini da mai gadinsa

Bahaushe ya san daskarewar jini tun kafin zuwan likita. Duk wanda ya taɓa zama gaban wanzami ana yi masa ƙaho ya ga yadda ake juye ƙahon, jinin ya faɗo guda, baƙi, yana rawa kamar hanta. Ranar layya ma haka, kafin a gama feɗe rago jinin da ya zuba a rami ya riga ya kama. Manoman fadama kuma sun san akasin haka: wanda kububuwa ta sara jininsa ba ya kamawa, sai ya yi ta tsiyaya ta dasashi da tsofaffin tabo, domin dafinta yana cinye abubuwan da ke haɗa gudan jini. Shi ya sa a asibiti ake zuba jinin wanda maciji ya sara cikin 'yar kwalba, a ajiye minti 20, a ga ko zai kama.

To jini yana tsakanin haɗari biyu. In ya ƙi kamawa mutum ya tsiyaye. In ya kama inda bai kamata ba, cikin jijiya, ya toshe hanya, abin da ke gaba ya mutu.

Idan jijiya ta yanke, wasu furotin da ke yawo cikin jini sukan tashi juna bi da bi, wannan ya tada wancan, har a kai ga wani da ake kira turombin. Shi ne magini. Yana sarrafa wani abu narkakke da ke cikin jini ya koma zare-zare, zaren ya saƙu kamar koma, ya kama ƙwayoyin jini, rauni ya toshe. Matsalar ita ce turombin ba ya gajiya, kuma yana ƙara haifar da kansa. Da za a bar shi, ƙaramin yanka a yatsa zai iya sa gudan jini ya yi ta tafiya cikin jijiya.

Abin da ke tsawata masa shi ne furotin C. Hanta ce ke yin sa, yana yawo cikin jini a kwance, ba ya aikin komai sai an tashe shi. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Johan Stenflo, shi ya ware shi daga jinin shanu a 1976, ya sa masa harafin C saboda shi ne na uku da ya fito a wurin tacewa. A 1981 Charles Esmon da Whyte Owen a Amurka suka gano cewa a jikin shafen da ke cikin jijiya akwai wani abu mai suna turombomodulin, wanda in ya kama turombin sai ya juya masa hali: maimakon ya ci gaba da gini, sai ya koma yana tada furotin C. Shi kuma furotin C da ya farka, tare da abokin aikinsa furotin S, sai ya datse biyu daga cikin masu hura wutar daskarewa, na biyar da na takwas. Wato maginin da kansa ne ke tada wanda zai ce masa ya isa haka. Duk lokacin da na sake karanta wannan tsari sai na yi tasbihi.

Saura abu guda. A 1994, a wata cibiyar bincike da ke Oklahoma, Kenji Fukudome da shi Esmon ɗin suka gano cewa furotin C yana da mazauni na musamman a bangon jijiya. Masana suna kiran mazaunin EPCR, ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera shi kuma PROCR, tana kan kuromozom na 20 cikin tagwaye 23 da kowane ɗan Adam ke gada daga uwa da uba. A ɗauka furotin C mai gadi ne, EPCR kuma dakalinsa na ƙofar gida. In yana zaune a dakalin, ana tada shi da sauri, gwajin da aka yi a jikin birai ya nuna saurin yana ninkawa kusan sau 20. Kuma daga kan dakalin yake wani aiki na biyu da ya fi damun mu a nan: yana aika saƙo ga ƙwayoyin shafen jijiya su riƙe juna gam, kada su kumbura, kada su bar ruwa ya tsiyaya ta tsakaninsu. Muhimmancin wannan ƙwayar gado ya fito fili a 2002, lokacin da aka cire ta daga jikin ɓeraye a ɗakin gwaji: 'ya'yan ba su kai ga haihuwa ba, sun mutu tun a ciki, mabiyiya ta toshe da gudajin jini.

Shekara da shekaru wannan ilimi ya zauna a matsayin na cututtukan da suka fi damun Turai. A 1993 Björn Dahlbäck ya ga wasu dangi a Suwidin waɗanda jininsu ba ya jin tsawar furotin C. Shekara guda bayan haka masana a birnin Leiden na Holan suka gano dalili, wato canjin harafi ɗaya tak cikin ƙwayar gado ta mai hura wuta na biyar. Kusan biyar cikin ɗari na Turawa suna ɗauke da wannan canji, kuma yana ƙara musu haɗarin toshewar jijiyar ƙafa da ta huhu. A cikin baƙar fatar Afirka kuwa da wuya a same shi. Ɗalibin likita a Yamai ko Maraɗi zai haddace sunan Leiden don jarrabawa, alhali abin da zai riƙa gani kowace damina a ɗakin yara ya shafi wannan tsari ne ta wata ƙofa daban.

Wanda ya ƙwace dakali

Ƙwayar maleriya mai kisa, falsifarum, tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta yi girma a ciki, bayan sa'a 48 ta fasa su, 'ya'yanta su fita su shiga wasu. Tana da abokiyar gaba guda da ba ta iya ja da ita, wato saifa. Saifa rariya ce. Duk jan ƙwayar jinin da ta yi tauri ko ta canza kama, in ta ratsa ta nan za a tsame ta a lalata. Don haka dabarar falsifarum ita ce kada ta yarda a kai ta can. Sai ta ƙera wani furotin mai danƙo, wanda masana ke kira PfEMP1, ta turo shi bayan jan ƙwayar da take ciki, ta manne a bangon ƙananan jijiyoyi, ta tsaya cak har ta gama girma. Tun ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Italiya, Marchiafava da Bignami, suka ga ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwar waɗanda masassara ta kashe cunkushe da irin waɗannan ƙwayoyi.

A 1995 aka gano cewa kowace ƙwayar maleriya tana da kusan nau'i 60 na umarnin ƙera wannan danƙo, tana amfani da ɗaya a lokaci guda, in garkuwar jiki ta gane shi sai ta canza wani, kamar ɓarawon da ke da riguna sittin. Wannan ne dalilin da ya sa yaro ke kamuwa bana, ya kamu baɗi, kuma sai ya sha fama sau da yawa kafin jikinsa ya san rigunan. Yawancin nau'o'in suna manne wa wani abu mai suna CD36, kuma galibi ciwon da suke kawowa mai sauƙi ne. Akwai nau'i guda da ke neman mabiyiya kawai, shi ke wahalar da mai cikin fari. Sai kuma wani rukuni da aka lura yana yawan bayyana a jinin yaran da ciwo ya kayar ƙwarai. Abin da ba a sani ba shi ne me wannan rukuni yake kamawa.

Amsar ta fito a 2013 a mujallar Nature. Louise Turner da Thomas Lavstsen na Jami'ar Kopenhagen a ƙasar Danmak, tare da abokan aikinsu, sun gwada wannan danƙo a kan furotin na jikin ɗan Adam sama da 2,500. Wanda ya kama shi ne EPCR. Suka koma ga ƙwayoyin da aka ɗebo daga jinin yaran Tanzaniya masu ciwo mai tsanani, suka ga haka abin yake. Abin da ya fi tayar da hankali, wurin da ƙwayar ke dafewa shi ne daidai inda furotin C ke zama. Ta hau dakalin mai gadi ta zauna, shi kuma ya rasa wurin tsayawa.

A cikin wannan shekarar kuma, Christopher Moxon da abokan aikinsa a Blantyre ta ƙasar Malawi suka buga nasu binciken a mujallar Blood. Sun duba ƙwaƙwalwar yaran da masassarar kai ta kashe, da izinin iyayensu. Inda duk ƙwayoyin suka manne, EPCR ya ɓace daga bangon jijiya, kuma a wurin akwai ƙananan gudajin jini. Sun kuma nuna cewa tun asali jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba su da EPCR da turombomodulin da yawa in aka kwatanta da wasu sassan jiki. Gidan da dama mai gadinsa ɗaya ne, in aka kore shi shi ke nan. Wannan ya taimaka wajen fahimtar abin da ya daɗe yana ɗaure kai: ƙwayar tana mannewa a hanji, da fata, da huhu, amma a kai take yin ɓarna mafi muni.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar saƙon "ku riƙe juna" ya yanke, turombin kuma ya yi yawa babu mai tsawata masa, shafen jijiya sai ya saki, ruwa ya fara ratsawa cikin ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa. A 2015 Karl Seydel da Terrie Taylor suka fitar da sakamakon hoton ƙwaƙwalwa da suka ɗauka wa yara 168 masu dogon suma a babban asibitin Blantyre. Yara 25 sun rasu, 21 daga cikinsu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ƙwarai. Cikin waɗanda suka rayu kuwa, 27 cikin ɗari ne suka yi irin wannan kumburi. Kumburin yana danne gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa numfashi, yaro ya daina shaƙa. Masana ba su ce EPCR kaɗai ne ke kawo kumburin ba, akwai toshewar hanya, da jijjiga, da ƙarancin jini da na sukari. Amma yana cikin manyan ginshiƙan bayanin.

Da na karanta wannan sai hoton daren nan ya dawo mini. Muna tsaye muna jayayya kan hayaƙi da iska, a daidai lokacin ruwa yana taruwa cikin kan yarinya mai shekara uku.

Harafi ɗaya, amsoshi uku

Tun da ƙwayar maleriya EPCR take nema, tambayar da ta biyo baya a fili take: shin akwai mutanen da suka gaji wani irin EPCR da ke kare su? Ba sabon tunani ba ne. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa masu ɗauke da rabin gadon amosanin jini, waɗanda ake kira AS, maleriya ba ta cika kayar da su ba. Daga baya aka gano ɗaya daga cikin dalilan: a jikin jan ƙwayar jininsu danƙon nan ba ya fitowa da kyau, don haka mannewar ba ta ƙarfi. Abin da ya sa gadon ya yawaita a ƙasashenmu ke nan, kuma kuɗin da muke biya shi ne 'ya'yan da suka gaji SS ta ɓangare biyu. Su ma ciwonsu ya taɓa wannan tsari, domin an sha auna furotin C da furotin S a jinin masu amosanin jini a tarar sun yi ƙasa, jininsu kuma yana saurin kamawa.

A cikin PROCR akwai wani canjin harafi ɗaya da aka daɗe da sani, wanda ke sauya tubali na 219 a jikin EPCR. Mai wannan canji, dakalinsa yana saurin ɓallewa daga bango ya shiga yawo cikin jini. A Turai an danganta shi da ɗan ƙarin haɗarin toshewar jijiya. Sai masana suka yi tunani: wataƙila waɗannan ɓallallun za su zama tarko, ƙwayar maleriya ta kama su a banza maimakon ta kama bango.

A 2014 wani bincike a Tailan, kan marasa lafiya da yawancinsu manya ne, ya ce lallai waɗanda suka gaji canjin ta uwa da uba sun fi tsira daga ciwo mai tsanani. A shekarar kuma wani babban bincike kan dubban yara a yankin Kumasi na Gana ya ce bai ga wata kariya ba. A 2016 aka yi a Yuganda, aka sake ganin alamar kariya. Wuri uku, amsa ba ta zo ɗaya ba. Wannan ba abin kunya ba ne ga ilimi. Mutane sun bambanta, ƙwayoyin maleriyar kowane yanki sun bambanta, yanayin kamuwa ma haka. A Burkina Faso, tun 1996 David Modiano ya nuna cewa Fulani sun fi maƙwabtansu Mosi jure wa maleriya alhali ƙauyukansu suna kusa, sauro ɗaya ke cizon su. In har maƙwabta za su bambanta haka, ba za a ɗauko sakamakon Kumasi ko Kampala a ɗora wa yaron Maraɗi a ce an gama ba.

A nan ne abin yake yi mini ciwo. Babban binciken gado kan maleriya mai tsanani, wanda haɗakar MalariaGEN ta fitar a 2019, ya ƙunshi mutane kusan 17,000 daga ƙasashe 11: Gambiya, Mali, Burkina Faso, Gana, Najeriya, Kamaru, Kenya, Tanzaniya, Malawi, Biyetnam da Papuwa Niyu Gini. Nijar ba ta ciki. Amma a rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024, cikin mutane kusan 597,000 da maleriya ta kashe a 2023, kusan shida cikin ɗari 'yan Nijar ne. Najeriya da Kwango ne kawai suka fi mu, kuma kowace cikinsu ta ninka mu yawan jama'a sau da yawa. A nahiyarmu, kusan uku cikin huɗu na mamatan ba su cika shekara biyar ba. Muna sahun gaba wajen binnewa, amma da aka zo zana taswirar gadon ciwon babu sunanmu.

Maraɗi ba baƙuwar bincike ba ce

Wanda ya san garin nan ya san yadda ciwon yake tafiya da ruwa. Daga Yuli zuwa Oktoba, Gulbin Maraɗi ya kawo, fadama ta cika tun daga wajen Madarunfa, ta Jiratawa mai lambunan zogale, ta gefen tsohon gari, har Tsibirin Gobir. A cikin birni kuma, unguwanni irin namu masu cunkoso, kowane rami da tsohuwar taya sun zama wurin ƙyanƙyasa. Lokacin ne kuma rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, tamowa ta riga ta raunana yara. Tsofaffi suna cewa masassarar tumu ce, saboda tana zuwa daidai da fara gasa sabon gero. Sun ga lokacin daidai, sai dai mai laifin sauro ne.

Ba a zauna haka ba. Tun 2006 doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Daga 2013 aka fara rabon maganin rigakafi na damina, wanda ake bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa wata 59, sau ɗaya kowane wata, kuma jiharmu tana cikin wuraren da aka fara. Allurar artesunat ta maye gurbin kinin bayan wani gwaji na 2010 kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, wanda ya nuna mace-mace sun sauka daga 10.9 zuwa 8.5 cikin ɗari. A watan Satumba na 2024 aka ƙaddamar da allurar rigakafin maleriya a Gaya. Duk waɗannan suna ceton rai. Amma a lura da abu guda: artesunat ƙwayar cuta yake kashewa, ba ya mayar da mai gadi kan dakalinsa, ba ya liƙe bangon da ya riga ya tsage. Shi ya sa ko da an samu magani mafi kyau, cikin yaran da suka shiga dogon suma ana rasa kusan 15 zuwa 20 cikin ɗari, kuma bincike a Yuganda ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi suna zama da rauni a tunani ko koyo. Yaro nawa ne a azuzuwanmu ake kira daƙiƙi, ana dukan sa, alhali tabon wata damina ce yake ɗauke da shi a ka?

Neman maganin da zai kare bangon jijiya ba abu ne mai sauƙi ba, kuma bai kamata a yi wa mutane alkawarin da ba a cika ba. An taɓa ƙera furotin C a masana'anta, aka sa masa suna Xigris, aka fara ba masu gubar jini a 2001. Bayan shekara goma, a 2011, aka janye shi daga kasuwa, saboda babban gwaji ya nuna bai rage mutuwa ba, ga kuma haɗarin zubar jini. Hanyar da ta fi ba da fata yanzu ita ce a hana ƙwayar hawa dakalin tun farko. A 2015 Matthew Higgins da tawagarsa a Oxford suka nuna cewa duk da yawan rigunan nan, ɗan yatsan da ke kama EPCR siffarsa kusan ɗaya ce, domin in ta canza shi ba zai kama ba. A ƙarshen 2024 kuma aka ba da rahoto a Nature cewa an samo, a jinin wasu mutum biyu 'yan Yuganda, sojojin garkuwa da ke toshe wannan yatsa a nau'o'i masu yawa. Daga irin wannan ne ake fatan a ƙera rigakafin da, ko bai hana masassara ba, zai hana ta hawa kai. Har yanzu aikin yana ɗakin gwaji.

A matakai da dama na wannan tafiya, jinin wani yaro ne na Afirka ya buɗe hanya: na Tanzaniya, na Malawi, na Gana, na Yuganda. Kuma ba wanda zai ce Maraɗi ba ta iya ba. Tun 2009 Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF, take da cibiya a garin nan. A gundumar Madarunfa, wadda Jiratawa ke ciki, aka gwada rigakafin gudawar yara mai jure zafi kan jarirai fiye da 3,500, sakamakon ya fito a 2017 a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya, ya nuna kariya ta kusan 67 cikin ɗari daga gudawa mai tsanani, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Iyaye mata na ƙauyukanmu ne suka kai 'ya'yansu, ma'aikatanmu ne suka bi su gida-gida. Muna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da sashenta na ilimin lafiya, muna da babban asibitin jiha da cibiyar uwa da yaro, a Yamai kuma ga cibiyar bincike ta CERMES. Duba harafi ɗaya a cikin PROCR, ko gano wane irin danƙo ne ƙwayoyin Gulbin Maraɗi suka fi fitarwa, aiki ne da na'urar PCR ke yi, irin wadda aka yi ta amfani da ita lokacin korona. Abin da ake buƙata shi ne kuɗin kayan aiki, da firjin da wuta ba ta yanke masa, da malamai da za a ba lokaci da albashin da zai zaunar da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sai dai maganar jini a ƙasar Hausa tana da tarihi, kuma duk mai son yin wannan aiki dole ya san shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Tsakanin Kano da Maraɗi labari ba ya kwana a hanya. In uba a Sabon Gari ya tambaya ina za a kai jinin ɗansa, tambaya ce ta mai hankali, kuma haƙƙinsa ne a amsa masa da Hausa, a gaban shaida, a gaya masa me za a duba, wa zai ajiye, shekara nawa, kuma yana da ikon ya ce a'a ba tare da an rage wa ɗansa kulawa ba. In an gama, a dawo unguwa a faɗi abin da aka gani, a gaban mai unguwa da liman da matan da suka ba da haɗin kai. Sunayen masananmu kuma su fito a saman takarda tare da na baƙi.

Kafin wannan rana ta zo, binciken ya riga ya ba mu abin da za mu yi aiki da shi a daminar bana. Ƙwayar tana ninka kanta duk kwana biyu, kuma tana mannewa tun yaro yana iya zama yana shan fura. Lokacin da ido ya kafe, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Don haka ina roƙon iyaye, musamman kakanni waɗanda maganarsu ce ake ji a gida: zafin jiki a damina, a kai yaro a huda yatsa a ranar, kada a jira gobe. In ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amai ba tsayawa, ko barcinsa ya yi nauyi har ba ya jin kira, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa komai a baki, a yi ta addu'a a kan hanya. In masu rabon magani sun zo, a karɓa, a kuma cika na kwana biyun da suke bari a hannun uwa. A ɗaura sange kowane dare. Samari masu lafiya kuma su je cibiyar ƙarin jini su bayar tun watan Yuli, kafin gadajen yara su cika.